Kwana Takwas Iri Yana Cikin Rumbu

Ni dai ban taɓa ganin kumbo da idona ba, amma kumbo ya ci mini gona, ya kuma fitar mini da ɗiya daga lakkwal, wato makarantar boko. In na faɗi haka mutane dariya suke yi. Sai in ƙyale su su gama, sannan in ba su labarin.

Garinmu yana arewa da Tawa, wajen Barmu, a kan tudu mai duwatsu. Mazanmu 'yan ci-rani ne. Da an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, sai su kama hanyar Abijan, su bar mu da yara da tsofaffi da awaki, sai damina ta matso su dawo. Maigidana haka yake tun ina amarya. A shekarar da nake magana ma bai dawo noma ba, ya ce ya sami wurin ajiye tebur a bakin wata kasuwa, in ya ɗaga wani zai zauna. Sai ya bar gida a hannun wansa, ni kuma ya bar mini gona.

Gona ce a baki, amma fako ce. Ƙasa ja, mai tauri, wadda in ruwa ya sauka a kanta yake wucewa bai ko gaishe ta ba. Irin wannan ƙasa ba a noma ta sai da tassa, wato ramukan da ake haƙawa ɗaya bayan ɗaya, a tara ƙasar a gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki a ciki. Tun sanyi bai gama fita ba na fara. Ni kaɗai, da diga da tsohon kwano. Kashin awakina na share, na roƙi na maƙwabta, na bi makiyaya inda suka yi zango na kwashe na shanu, duk a kaina na ɗauka. Wata uku ina wannan aiki. Tafin hannuna ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. Ranar da na gama na tsaya a bakin gonar ina kallon ramukan nan a jere, wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai.

Ba don tuwo kawai na yi wannan wahala ba. Ɗiyata ta fari tana aji na biyu a kwalej a Tawa. Ita ce mace ta farko a gidanmu da ta wuce firamare, kuma kai gare ta, in ta buɗe baki da faransanci har mushe, malamin lakkwal na garinmu, tsayawa yake yana saurare. Garinmu babu kwalej, don haka a gidan wata 'yar'uwar uwata ta nesa take zaune a cikin birni. Ka'idar sananniya ce a wajenmu: duk wanda ya ajiye yaro a gidan wani don karatu, in za a buɗe lakkwal yana kai hatsin da yaron zai ci. Matar nan ba mai hali ba ce, bakuna bakwai take ciyarwa. Hatsin ɗiyata daga fakon nan zai fito, babu wani wuri. Ita kanta ta sani, in ta zo hutu takan tsuguna a bakin ramukan ta ce mini waɗannan su ne kujerarta a aji.

To, iri yana cikin rumbu. Zangarniyoyin da maigidana ya zaɓa da hannunsa, manya masu ƙwaya, ya ɗaure su daban ya ɗora a can sama kafin ya rufe. Rumbunanmu na laka ne, ta sama ake shiga, hular ciyawa ce a kai. Babu kwaɗo, babu makulli. Amma mace ba ta hawa rumbun miji, ko da yunwa za ta kashe ta a gindinsa. In maigida ba ya nan, wanda ya bar wa amana shi ke ɗora tsani ya buɗe. A gidanmu wan mijina ne, wanda nake kira Yaya. Shi kuma tsakanina da shi kunya ce. Ba na ambaton sunansa, ba na kallon idonsa, in muka haɗu a hanya sai in ratse in durƙusa. In ina da magana sai in gaya wa matarsa, facalata, ita ta kai masa, ta dawo mini da amsa. Shekara goma sha biyar muna haka, ban taɓa jin nauyin abin ba sai a wannan damina.

Ana sauran kwanaki ruwa ya sauka labarin ya shigo gari. Mazanmu na Abijan ne suka fara turo shi ta salula. Wai wani ƙaton ƙarfe, gangar jikin kumbon da aka harba sama, ya kuɓuce wa masu shi, yana ta kewaya duniya, zai faɗo, kuma babu wanda ya san inda zai faɗo. Suka haɗo da hoton wani dogon bututu kwance cikin ciyawa, suka ce irinsa ne ya taɓa faɗowa a wani ƙauye can ƙasar da suke. Rediyo ma ya faɗa, don haka ba ƙarya ba ce tsagwaronta. Amma kafin labarin ya kewaya bakin rijiya sau biyu, ƙarfen ya kai girman kasuwar Tawa, kuma yankinmu na Adar ya nufa. Yaya shi ne uban tafiyar. Yana da babbar salula, ɗansa ya aiko masa. Yini yake a gindin itacen bedi yana kunna wa mutane saƙon murya, wani na kuka, wani na salati, wani yana cewa kada kowa ya fita fili sai abin ya wuce. Mutum ne mai tsoro tun asali. Ko tsawa aka yi sai ya shige ɗaki ya toshe kunne.

Ranar Laraba da la'asar hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan shuka ne sosai, wanda ake jira. Da gari ya waye na ruga gona. Ramukana duk sun sha sun ƙoshi, takin ya jiƙe ya yi baƙi, ƙasa tana ƙamshi. Na dawo da gudu na sami facalata tana wanke-wanke, na ce ta gaya wa Yaya a buɗe rumbu, yau zan yi shuka. Ta shiga, ta daɗe, ta fito tana sosa kai. Wai ya ce babu wanda zai fita daga gidan ƙanensa sai ƙarfen nan ya faɗo. Wai amana aka ba shi, in abu ya faɗo mini a ka a tsakiyar fako, mi zai gaya wa ɗan'uwansa? Na ce ta koma ta ce masa rabin gari sun fita da sungumi, ga su can ana hango su. Ta koma, ta dawo. Wai waɗancan ba amanarsa ba ne. Na ce to ya ba ni irin, in ƙarfe ya kashe ni na yafe. Wannan karon ba ta ma daɗe ba. Wai an ce gobe zai faɗo, in yi haƙurin kwana ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, shi tsoron nan bai ci masa ko ƙwaya ɗaya ba. Gonarsa jigawa ce, yashi mai laushi, kuma tun kafin ruwa ya yi binne, wato ya zuba irinsa a busasshiyar ƙasa ya rufe. Ruwan Laraba ya sami hatsinsa a ƙasa yana jira. Yana zaune a ɗaki yana jan carbi, gonarsa tana yi masa aiki. Ni ce mai biyan kuɗin tsoronsa.

Na ari salula na kira maigidana. Na ɗauka shi zai raba gardama, tunda ya san abin da fakon nan yake nufi. Sai na ji shi ma hotunan sun cika masa ido. Ya ce in bi abin da Yaya ya ce, shi ne babba, kwana ɗaya ko biyu ba za su kashe gona ba. Mutumin da ke Abijan, inda ruwa ke sauka har a gaji da shi, shi ke gaya mini kwana biyu ba komai ba ne.

Gobe ta zo, ƙarfe bai faɗo ba. Aka ce jibi. Jibi ta zo, aka ce masana sun sake lissafi. Rana kuwa ba ta sake lissafi ba, fitowa take tun da safe ta gasa ƙasa, iska mai zafi tana bi tana lashe laima. Sau nawa na tsaya a gindin rumbun nan ina kallon tsani jingine da katanga? Hawa biyar ne. Da na cire kunya na ɗaura zane na hau, da kafin a farga na sauko da irina. Da an yi ta magana, da an kai ƙarata, wataƙila a ce in tafi gidanmu in huta. Da duk ya wuce. Ban hau ba, kuma wannan laifina ne ni, na sani, ba sai an tuna mini ba.

A rana ta uku wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ga halin da nake ciki, ta ƙulle mini ragowar irinta a gefen zane, bai cika ko rabin tiya ba. Na ce zan je itace, na sulale na shuka shi a kusurwar gona ta yamma. Ramuka kamar ɗari ya ishe su. Sauran dubban na bar su suna kallon sama.

A rana ta takwas rediyo ya ce ƙarfen ya faɗa cikin teku, can wata duniya, ko kifi ba a ce ya kashe ba. Yaya ya fito yana hamdala, har da raba dabino. Ya ɗora tsani ya buɗe rumbu, ya aiko mini da irin ta hannun facalata, wai ga shi, Allah ya tsare mu. Na kai gona na tura yatsa cikin rami. Ƙasa ta bushe ƙayau. Na zuba irin duk da haka, na zauna jiran ruwa na biyu. Sai da aka yi kwana ashirin da wani abu kafin ya zo. Hatsina ya tsiro lokacin da na mutane ya kai gwiwa. Yana cikin yin ciki, bai gama fitar da kai ba, ruwa ya ɗauke. Na girbe kara da ƙaiƙayi. Kusurwar yamma kuwa, inda na zuba irin tsohuwa, zangarniya ta yi kamar damtsen mutum. Da ma ba ta yi ba, da na ce fakon ne bai da albarka in huta. Amma ta tsaya a can tana nuna mini abin da gonar gaba ɗaya za ta zama. Dami huɗu na ɗaure a duk shekarar, uku daga wannan kusurwa.

Da za a buɗe lakkwal na aika wa Yaya cewa hatsin yarinya bai samu ba. Shi rumbunsa ya cika har ya yi tozo. Amsar da ta dawo ita ce, iyalinsa da yawa, kuma abin da ya faru ƙaddara ce, karatun ɗiya mace ma ai ya isa haka. Maigidana ya ce kasuwa ta yi sanyi, in lallaɓa. Na sussuke dami biyu, na sayar da akuya, na ɗauki abin da ya samu muka hau mota ni da ɗiyata zuwa Tawa.

Matar da take riƙe ta ba ta wulaƙanta ni ba, gara ma da ta yi. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama mini hura, ta dubi ɗan buhun da na ajiye. Sannan ta kai ni madafa ta buɗe mini tukwanenta in gani da idona. Ta ce hatsi ya yi tsada a birni, mijinta ya kwanta ciwo, wannan da na kawo ba zai kai yarinya ko hutun farko ba, kuma ba ta so ta karɓi ɗiyar mutane ta bar ta da yunwa. Ta riƙe ta wata biyu don zumunci. Da sanyi ya shigo na koma na ɗauko ta. Muka bi ta gaban kwalej ɗin a kan hanyar tasha, daidai an tashi, 'yan ajinsu suna fitowa suna kiranta. Ta ɗaga musu hannu tana murmushi, akwatinta a ka. Ba ta yi kuka ba sai da mota ta bar gari. Ni kuwa ban yi ba sam. A cikin motar nan na ce Allah ya isa tsakanina da Yaya, na faɗa a fili, har na kusa da ni ya waiwayo.

Shekara ta zagayo na sami hatsi, don tun daga nan irina a cikin tulu nake ɓoye shi a ƙarƙashin gado, ba na jiran tsanin kowa. Na koma Tawa da buhu biyu cikakku. Aka ce an cire sunanta, ta yi fashin shekara, aji ya cika. Na bi ofis biyu, kowa ya ba ni haƙuri da kyau. Haka ta zauna. Ta koyi tuyar awara, tana taya ni gona, ba ta sake tayar da maganar ba.

Ni ce ban bari ba. Na sayi ƙaramin rediyo mai cin hasken rana, na zama ba ni da aiki sai sauraren labarin sama. Na yi yaƙi da jahilci da ƙuruciya, ina rubuta Hausa, don haka duk abin da aka faɗa a kan taurari da kumbo da husufi sai in rubuta a bayan tsohon kaye, wato littafin rubutu. Na ce abin da ya ci ni sau ɗaya ba zai sake samuna a duhu ba. Kuma, ban ɓoye ba, jira nake. Na san mai tsoro ba ya warkewa, sama kuma ba ta rasa abin turowa.

Shekara huɗu na jira. Ana cikin sanyi sai ga shi. Masu duban taurari suka ce sun hango wani dutse a sararin samaniya, girmansa ya kai babban gini, kuma akwai ɗan yiwuwar ya bugi duniya nan da wasu shekaru. Suka ce yiwuwar kaɗan ce ƙwarai, suna ci gaba da aunawa. Suka kuma ce in har ya zo, layin da zai iya bi ya ratsa ta wannan yanki namu na Afirka. Da na ji wannan na kashe rediyo na zauna ina murmushi kamar an yi mini albishir.

Yaya ya riga ya ji ta salularsa, amma yanzu ba ya zama gindin bedi, don tun maganar kumbo samari suke tsokanarsa, in jirgi ya wuce sai su ce a kira shi ya duba. Tsoronsa a ɗaki yake cinsa shi kaɗai. Facalata kuwa ta san ni ce mai rediyo, kullum muka haɗu a injin niƙa sai ta tambaye ni mi aka ce. Ni kuma in gaya mata. Ban yi mata ƙarya ko sau ɗaya ba a lokacin, rabin gaskiya nake ba ta in riƙe rabi. In ce an ce girmansa ya kai gini, in bar maganar yiwuwa kaɗan ce. In ce an ce layinsa ta kanmu ya bi, in bar maganar duniya faɗi gare ta, yawancinta ma ruwa ne. Da masana suka ce yiwuwar ta ɗan ƙaru, har gida na bi ta na gaya mata, da muryar tausayi, na ce kada ta gaya wa Yaya don kada hankalinsa ya tashi. Na san kafin in kai ƙofa ta gaya masa.

Ya daina cin abinci sosai. Lokacin kai taki gona ya yi, ya ce mi za a kai, gonar da dutse zai nutsar? Rumbunsa ya tsage yana son yaɓe, ya bar shi. Rigarsa ta fara yi masa yawa. In na hango shi yana tafiya masallaci yana ɗaga kai yana duban sama, sai in ji wani sanyi a ƙirjina. Ban ji tausayinsa ba, kuma ba zan yi ƙaryar na ji ba.

Bayan 'yan makonni rediyo ya ce an sake aunawa, dutsen ba zai same mu ba, hankali ya kwanta. Na rubuta a kayena, na rufe, na ja bakina na yi gum. Wasu a gari sun ji, sun gaya masa, ya ce suna faɗa ne don su yi masa dariya. Ya kira ɗansa na Abijan, shi kuma maimakon ya yi masa bayani sai ya turo masa hoton wani rubutu na faransanci, dogo, da zanen dutse a sama. Kunya ta hana shi kai wa mushe. A duk zuri'arsu kuwa mutum ɗaya ne ya taɓa zama a kwalej.

Wata rana da la'asar ina tankaɗe a tsakar gida na ji sallamarsa a ƙofar sashenmu. Rabonsa da shigowa nan tun sunan autana. Na ja mayafi, na shimfiɗa masa tabarma, na koma gefe na juya baya. Ya zauna da ƙyar. Ya kira ɗiyata, ta zo ta durƙusa, ya miƙa mata salula. Ya ce ta karanta masa, ta gaya masa gaskiya ko mi ne ne, shi dai ya gaji.

Ta karɓa. Ina satar kallonta ta gefen mayafi. Ta daɗe tana duban rubutun, leɓɓanta suna motsi. Ta ja shi sama da yatsa, ta dawo da shi ƙasa. Sannan ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ban iya ba. Na manta."

Ya ce ta daure ta sake dubawa, ai ita ce ake cewa ta fi mushe. Ta girgiza kai, idonta a ƙasa. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya juyo wajena ya yi mini magana kai tsaye.

"Ke fa? An ce kina da rediyo. Ba ki ji wani abu ba?"

Kalma uku ta ishe shi ya yi barci a ranar. Na dubi matankaɗina na ce, "Yaya, mu mata mi muka sani game da sama? Abin da babba ya ce shi muke bi."

Ya tashi ya dafa katanga ya fita, ko takalminsa bai sa daidai ba.

Kai, ranar na ji daɗi. Na kama kaza na sa aka yanka da almuru, na yi miya har da man shanu. Ina tuƙa tuwo ina yi wa ɗiyata kirari, na ce ashe jinina ne a jikinki, ashe shirun nan naki ba mantuwa ba ce, yau kin rama mana, kin biya ni nonon da na ba ki. Na ce ta gaya mini mi rubutun ya ce, don in ji ko daidai yake da na rediyo.

Tana zaune a kan turmi, ba ta taya ni dariya ba.

"Inna, ba ramuwa na yi ba," ta ce. "Da na iya da na karanta masa."

Na ce ta bar wasa. Ta ce haruffan tana ganinsu, tana iya haɗa su, amma ma'anar ta tafi. Ta gane kalmar ƙasa, ta gane kalmar shekara, sauran duk sun zame mata baƙi. Ban yarda ba. Na shiga ɗaki na ɗauko takardar da ke cikin kwalin maganin tarin autana, na buɗe na sa mata a hannu. Ta fara karantawa a hankali, tana tsayawa a tsakiyar kalma tana komawa baya, kamar 'yar aji uku na firamare. Layi biyu ta yi ta tsaya. Na tambaye ta mi ya ce. Ta ninke takardar yadda take, ta mayar cikin kwali, ta tashi ta ɗauki bokiti ta tafi rijiya. Tuwon ya kama a tukunya ina tsaye a kansa da muciya.

Duk shekarun nan ina gaya wa kaina karatun yana nan cikin kanta a ajiye, wata rana hanya za ta buɗe ta ɗora daga inda ta tsaya. Da wannan nake barci.

Washegari na ɗauki ƙwaryata na tafi injin niƙa. Facalata tana can, idanunta sun kumbura, ta ce mutumin nan ko kunu bai sha ba tun jiya. Ta kama hannuna ta ce don Allah, don zaman tare, in gaya mata in akwai wani sabon labari. Na dube ta. Ba ta taɓa yi mini komai ba, saƙo kawai take kaiwa ta dawo da shi.

Na ce, "Na ji da safen nan. An ce yana nan tafe, kuma an matso da ranar."

Ta saki hannuna. Na zuba hatsina a inji, na tsaya har aka niƙa, na ɗauka na tafi gida.